Tsakanin "Ya Zube" da "Na Zubar"

Kowace shekara, idan muka iso darasin azuzuwan aikatau, nakan rubuta kalmar zuba a kan allo, sannan in jera 'yan'uwanta a ƙarƙashinta: zube, zubar, zubo, zubu. Ina koyar da ilimin harshe a harabar Jami'ar Ndjamena da ke Tukra, a kudancin birnin, can ƙetaren kogin Shari, kuma na daɗe da lura cewa babu saiwar da ke saurin fahimtar da ɗalibi tsarin nan na azuzuwa bakwai da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 kamar wannan. Zuba tana aji na ɗaya, zube aji na huɗu, zubar aji na biyar, zubo aji na shida, zubu kuma aji na bakwai. Shekaru da yawa ina ɗaukar wannan jeri a matsayin misalin jarrabawa kawai. Abin da ya sauya mini kallonsa ya faru ne a ƙofar gidana, a hannuwan wata dattijuwa maƙwabciyarmu da muke kira Inna.

Inna bazawara ce, tana aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a cikin birni, irin wanda ake zuwa auna jini da fitsari da majina. Takan fita bayan sallar asuba, ta ƙetare gada, ta share wurin kafin ma'aikata su iso. Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Ndjamena kan haura digiri 40, na dawo daga aji na tarar da ita zaune a bakin zaure, ta naɗe hannuwanta biyu da gefen mayafi, tana tari ƙasa-ƙasa, idanunta jajir.

Na ce, "Inna, lafiya kuwa?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Wani ruwa ne ya zube a wurin aiki."

Sai da matata ta lallashe ta sannan ta warware mayafin. Tafukan hannun sun yi ja, yatsu biyu sun tashi. Muka sa hannuwan a ƙarƙashin ruwa mai gudu, abin da ya kamata a ce an yi tun da safe, muka ɗauke ta zuwa asibiti. A kan hanya ne labarin ya fito guntu-guntu. Tana goge ƙarƙashin tebur sai sandar tsummanta ta bugi wata kwalba da ke ajiye a ƙasa, kwalbar ta faɗi ta fashe. Abin da ke ciki fari ne kamar ruwan sha, sai dai yana da wani wari mai yanka hanci. Ta sa tsumma ta fara tsanewa da hannu, tana matsewa a bokiti. Da warin ya ishe ta, sai ta ɗauko ruwan Javel, wanda a Najeriya ake kira bilic, ta kwarara a wurin don ya kashe shi. Nan take numfashinta ya fara sarƙewa. Allah ya taimake ta ta buɗe ƙofa ta fito waje. Da ta samu sauƙi sai ta koma ta tsince kwalaben, ta ɗaure su a leda, ta jefa a kwandon shara, ta kama hanyar gida ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Daga baya muka san cewa asid ɗin haidirokulorik ne, mai ƙarfi, wanda ake tsarmawa a yi amfani da shi a wasu gwaje-gwaje. Idan ya haɗu da ruwan Javel, iskar kulorin ce ke tashi, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Inna ba wauta ta yi ba. An koya mata cewa idan jini ya zube a ƙasa, a rufe shi da takarda ko tsumma, a zuba ruwan kulorin a kai, a bar shi ya ɗan jima kafin a kwashe. Wannan daidai ne, kuma shi ne ƙa'idar asibitoci. Ta bi darasin da ta sani, sai dai abin da ke gabanta ba jini ba ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa maganin wancan guba ne a kan wannan.

A daren nan na kasa barci ina juya jimlarta. "Wani ruwa ne ya zube." Zube aikatau ne ƙi-karɓau a nan: ruwan ne aikau, kamar shi ya ga dama ya fito daga kwalba da kansa. Babu hannu a cikin jimlar, babu sandar tsumma, babu Inna. Da ta ce "na zubar da wani ruwa", da ta shigar da kanta cikin labarin, kuma da tambayoyi sun biyo baya: wane ruwa, a ina, yaushe, me kika yi bayan nan? Dukanmu muna amfani da wannan mafaka. Yaro ba ya cewa ya fasa kwano, sai ya ce kwano ya fashe. Kuɗi sukan ɓace, tuwo yakan ƙone, alƙawari yakan tashi. Harshe ya tanadar mana wannan hanya don a rufa wa juna asiri, kuma a zaman gida tana da amfaninta. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, inda mintuna na farko su ne ke raba ƙaramar ƙuna da babbar nakasa, jimlar da ta ɓoye mai aikatawa takan ɓoye sunan abin da ya zube da lokacin da ya zube tare da shi.

Da na tambaye ta dalilin da ya sa ta yi shiru, amsarta gajera ce. Ta ce, "Ɗana, marayu uku ke gabana. Idan aka ce in biya kwalbar, da me? Idan aka ce kada in dawo fa?"

Bayan kwana biyu na je wurin aikin nata, ina ɗauke da fushin da na tanada tun daga gida. Babban ma'aikacin wurin ya saurare ni har na gama, sannan ya faɗi abin da ya kwance mini ɗamara. Ya ce shi ne ya ajiye kwalbar a ƙarƙashin teburin da yammacin ranar, da niyyar mayar da ita ma'ajiya washegari, ya manta. Bai ce "an ajiye" ba, cewa ya yi "ni na ajiye". Daga nan zancen ya koma na mutum biyu masu neman gyara. Ya roƙe ni in taimaka masa mu tsara gargaɗi da Hausa, wani abokin aikinsa kuma ya yi da Larabcin Chadi, domin duk rubutun da ke jikin kwalaben da bangon Faransanci ne, alhali masu shara da masu gadi da 'yan aike, waɗanda su ne ke kaɗaita da kwalaben da sassafe da kuma dare, yawancinsu ba su yi makarantar boko ba.

Na ɗauka aikin yini guda ne. Ya ɗauke mu makonni, domin kafin in fassara sai da na zama ɗalibi. Ga abin da na koya, a jere kamar yadda ya kamata a aikata shi.

Abu na farko magana ce. Wanda ya ga abu ya zube, ko shi ya zubar ko ba shi ba, ya ɗaga murya ya sanar da duk wanda ke kusa, a janye daga wurin, a buɗe tagogi. Idan abin mai kama wuta ne, a kashe duk wata wuta da ke ci a ɗakin. Na biyu, mutum yana gaba da daɓe. Idan abin ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, a cire tufafin da ya jiƙe, sannan a nemi likita. Minti 15 yana da tsawo ƙwarai ga wanda ke tsaye gaban famfo, shi ya sa mutane kan tsaya a minti biyu su ce ya isa. Ba a shafa man gyaɗa, ba a shafa man goge baki, ba a barbaɗa toka. Na uku, a san ko mene ne ya zube kafin a taɓa shi. Kowane sinadari yana da takardar bayanan kariya mai sashe 16, kuma sashe na 6 shi ne ke bayanin abin da za a yi idan ya zube. Idan ba a san shi ba, ko yana da yawa, ko tururinsa ya cika ɗaki, to ba aikin tsumma ba ne: a fita, a rufe ƙofa, a kira wanda ya sani.

Sai an wuce waɗannan matakai uku ake maganar kwashewa, kuma wanda aka horar shi ke yi, sanye da safar hannu da tabarau na kariya da takalmi rufaffe. Yakan kewaye abin da busasshen yashi tukuna don kada ya malala, ya faro daga gefe yana shiga tsakiya. Idan asid ne, yakan barbaɗa garin bikabonet a hankali, ya ga yana kumfa, ya ci gaba har kumfar ta daina tashi, sannan ya gwada da takardar awon tsami ya tabbatar. Fasasshiyar kwalba da matsefi ko cebur ake ɗaukar ta, ba da yatsu ba. Abin da aka kwashe a zuba shi a mazubin roba mai murfi, a rubuta sunansa a jiki, kada ya shiga kwata ko kwandon shara na kowa da kowa. A ƙarshe a rubuta abin da ya faru a littafi, ko da babu wanda ya ji ciwo.

Akwai kuma abubuwan da hankalin gida kan ce a yi, amma su ne kuskure. Garin katako yana tsane ruwa sosai, amma idan aka zuba shi a kan asid ɗin naitirik mai ƙarfi yana iya kamawa da wuta. Idan ma'aunin zafi ya fashe zaiba ta warwatsu, tsintsiya takan farfasa ta ne zuwa ƙananan ɗigo waɗanda ke shigewa tsagar daɓe suna fitar da tururin da ba a gani ba a kuma jin warinsa. Da kwali mai kauri ake tattara ta a hankali, a rufe a kwalba. Idan za a tsarma asid, shi ake zubawa kaɗan-kaɗan a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikinsa, domin zafin da ke tashi yana iya sa shi ya tafasa ya fantsamo a fuska.

A wajen fassara ne na ga iyakar ilimina da kuma yalwar harshen. Kalmar "haɗari" ta yi faɗi da yawa, tana ɗaukar komai tun daga mota har zuwa hadarin siyasa. "Guba" kuwa takan kai tunanin mai sauraro ga abin da ake ci ko sha, alhali yawancin abin da ke cikin kwalaben nan ta hanci da fata yake shiga. Sai muka rarrabe: mai cin fata, mai kama wuta, mai shaƙe numfashi, gubar da ke ratsa fata. Da muka zo kan yadda bikabonet ke kashe kaifin asid, na yi ta lalube cikin ƙamusoshi, sai Inna da kanta, wadda ta dawo aiki hannunta a naɗe, ta ce, "Ai wannan kanwa ce ta kar tsami." Ta faɗi gaskiya fiye da yadda ta zata. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da Kanem, wadda fatake suka yi ƙarnuka suna kaiwa kasuwannin Borno da Kano, tana ɗauke da kabonet da bikabonet na sodiyam, wato 'yar gida ɗaya ce da garin da ke cikin akwatin gaggawa. Ba mu ce a riƙa zuba kanwar miya a kan asid ba, domin tana da garwaye, amma karin maganar ya isar da ma'anar cikin daƙiƙa guda, abin da jimlolina uku suka kasa.

Haka nan kalmomin yadda ruwa ke fita. Hausa ta bambanta ɗiga da tsiyaya, ta bambanta yoyo da malala, ta bambanta kwarara da fantsama da tsartuwa. Wanda ya kira waya ya ce "kwalba tana yoyo" ya ba da labari dabam da wanda ya ce "ya malale har ƙarƙashin ƙofa". Na farko yana buƙatar faranti da sabon mazubi, na biyu yana buƙatar a fitar da mutane. Ɗalibin Hausa da ya san waɗannan bambance-bambance yana riƙe da kayan aikin da masanin kimiyya ke nema bai samu ba.

Da muka gama rubutun muka manna, sai na tuna cewa wadda aka yi dominta ba ta karanta boko. Nan muka koma ga hotuna. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da tsarin alamomi tara na sinadarai, kowace a cikin jan murabba'i da ke tsaye kan kusurwarsa: harshen wuta, ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ruwa yana ɗiga kan hannu da ƙarfe yana cinye su, mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya, da sauransu. An tsara su ne don su ƙetare shingen harshe, amma na ga da idona cewa hoto ma sai an koya. Wani mai gadi ya dubi alamar ruwan da ke ɗiga kan hannu ya ce ai wurin wanke hannu ake nufi. Saboda haka muka tara su duka wata safiya, aka zuba ruwan famfo a ƙasa a matsayin asid, kowa ya gwada da bakinsa da hannunsa. Jimlar farko da aka sa kowa ya maimaita da ƙarfi ita ce: "Na zubar da abu, ku matsa!" Babban ma'aikacin kuma ya yi alƙawari a gaban kowa cewa ba za a cire wa mutum ko sisi daga albashinsa don ya faɗi haka ba. A ganina wannan alƙawari ya fi duk takardun da muka manna nauyi, domin babu wanda zai yi amfani da aji na biyar matuƙar abincin 'ya'yansa ne kuɗin jimlar.

Kada a ɗauka wannan matsalar marasa karatu ce kaɗai. A watan Agusta na 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth a Amurka, ƙwararriya a kan gubar ƙarafa, tana aiki da wani haɗin zaiba mai suna daimetil-makuri, sai ɗigo kaɗan ya faɗa kan safar hannunta ta roba. Ta bi duk ƙa'idar da aka sani a lokacin. Bayan kimanin wata biyar tafiyarta da maganarta suka fara rikicewa, kuma ta rasu a watan Yuni na 1997 tana da shekara 48. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna cewa sinadarin yana ratsa irin wannan safar cikin daƙiƙoƙi. Darasi biyu na ɗauka daga labarinta. Ƙanƙantar abin da ya zube ba ita ce ma'aunin haɗarinsa ba, kuma safar hannu ba duka suke ɗaya ba. Sannan saboda ta tuna ɗigon ta kuma faɗe shi, an gano hanyar da gubar ta bi, aka sauya ƙa'idar aiki da sinadarin a ɗakunan bincike na duniya.

Hausawa sun ce ba a ɓari a kwashe duka, don haka rabin aikin yana wajen hana ɓarin. Wani ɓangare na wannan ɗaya ne a ko'ina: kada a ajiye kwalba a ƙasa ko a bakin tebur, kada a ɗauke ta ta murfi, a sa ta cikin bokiti idan za a kai ta wani ɗaki, a jera sinadarai bisa jituwarsu ba bisa haruffan sunayensu ba, asid nesa da ruwan Javel, manyan kwalabe a kantar ƙasa-ƙasa cikin farantin da zai tare abin da ya tsiyaye. Kada a taɓa juye sinadari a gorar ruwan sha, ko da na awa ɗaya ne. Wani ɓangaren kuma na ƙasarmu ne. Sinadarin eta yana tafasa a kusan digiri 35, wato ƙasa da zafin ranar Afrilu a Ndjamena, don haka kwalbar da aka bari a ɗakin da wutar lantarki ta ɗauke tana tara tururi mai kama wuta ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ga kuma ruwa. A watan Oktoba na 2022, lokacin da Shari da Logon suka cika suka shanye unguwar Waliya, har dubban mutane suka kafa tantuna a nan Tukra, na riƙa tambayar kaina kwalabe da jarkoki nawa ne ke ajiye a daɓen shaguna da ɗakunan magani da ruwan ya shiga. Abin da ya zube a irin wannan hali ba ya tsayawa a ɗaki ɗaya, yana bin ruwa zuwa rijiyoyi da kogin da ake kamun kifi a cikinsa. A gari irin namu, kantar da ta ɗaga daga ƙasa tana cikin kayan kariya.

Tsangayar kimiyya ta jami'armu tana Farsha, mu masu harshe da adabi muna Tukra, kogi da faɗin birni a tsakaninmu. Na daɗe ina ganin wannan nisa a matsayin rabon aiki: su da kwalabe, mu da kalmomi. Yanzu ina ganin akwai aikin da ba zai yiwu ba sai an ƙetare gadar. Ku ɗaliban Hausa da ke neman batun kundin kammala karatu, a Kano kuke ko Zariya ko Maraɗi ko nan Chadi, ku shiga ɗakin gwaje-gwajen makarantar sakandare ko na asibitin da ke kusa da ku, ku nemi izini, ku zauna da mai shara. Ku tambaye ta sunan da take kiran kowace kwalba da shi, ku nuna mata alamomin nan tara ku rubuta abin da ta fahimta, ku gwada fassararku a kunnenta kafin ku kai wa malaminku. Kalmar da ta burge kwamitin fassara amma mai shara ba ta gane ta ba, ba ta yi aikinta ba tukuna.

Hannun Inna ya warke, sai ɗan tabo a yatsu biyu. Tarin ya ɗauki makonni kafin ya bar ta. Tana nan a wurin aikinta, kuma ita ce yanzu ke nuna wa sababbin masu shara inda bokitin yashi da garin bikabonet suke. Ni kuma har yau ina rubuta zuba da 'yan'uwanta a kan allo idan lokacin darasin ya zo, sai dai idan na iso tsakanin aji na huɗu da na biyar nakan ajiye alli, in ba ɗalibai labarin kwalbar da ke ƙarƙashin tebur, sannan in tambaye su wace jimla za su furta da su ne a ɗakin.